Darasi na Tara: Abu da Rabi, Nazarin Tauraruwa a Ƙagaggen Labari

Duk wanda ke zaune a wannan aji ya san labari tun kafin ya san baƙi da wasali. An yi muku tatsuniya kuna yara, kun saurari littattafan da ake karantawa a gidajen rediyon Kano, yanzu kuma ga waya, ana turo labari shafi-shafi ta WhatsApp. Saboda haka ba sai mun tsaya bayyana mene ne labari ba. Abin da za mu koya shi ne nazari, wato a kai ƙarshen littafi, a rufe shi, sannan a dawo a yi masa tambayoyi. Masana adabi sukan duba jigo, da zubi da tsari, da salo, da taurari. Mu yau taurari za mu ɗauka, cikinsu ma tauraruwa, macen da aka ɗora wa nauyin labari. Za mu bi mata biyu, Abu da Rabi, mu ga abin da kowacce ta ƙulla a ranta, da yadda ya wargaje, da irin zaman kaɗaicin da ya biyo baya. Dukansu daga alƙalamin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suka fito, a littattafai biyu na shekarar 1990: Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne.

Wadda ta rubuta

Ba a banza aka zaɓo wannan marubuciya don ajin manya ba. Ita ma a irin bencin da kuke kai ta zauna. Bakanuwa ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. An cire ta daga firamare aka aurar da ita ba ta wuce shekara 13 ba, ga mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba. Auren bai cika shekara biyu ba ya mutu. Da ta dawo gida sai ta shiga ajin manya da sunan koyon saƙa da ɗinki, a can ta gyara karatunta da rubutunta na Hausa. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, kuma ta kasance cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa. A shekarun nan ne kuma karatun manya ya bunƙasa a jiharmu, bayan kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Mata da yawa da suka koyi karatu a lokacin, irin waɗannan littattafai suka fara saya da kuɗinsu.

Sai dai a kiyaye: sanin tarihin marubuciya yana taimakawa, amma Abu ba Balaraba ba ce. Marubuci yakan ɗebo daga rayuwarsa, ya haɗa da abin da ya gani a gidan maƙwabta, ya ƙara da abin da ya ƙaga. Ɗalibin da ya tsaya neman wane ne wane a zahiri ya bar nazari ya koma tsegumi.

Kafin zamaninta, mata ba su cika riƙe ragamar labari ba a ƙagaggun littattafan Hausa. A cikin na farko da aka buga a Zariya bayan gasar 1933, akwai uwar Shaihu Umar a littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ta ratsa hamada tana neman ɗanta, ta sha bauta a hanya, ta rasu ba da jimawa ba bayan ta gan shi. Baƙin cikinta ya isa littafi guda, amma labarin na ɗanta ne. Zainabu ta Jiki Magayi kuwa, a kanta maza biyu suka ƙulla gaba, labarin ya bi ramuwar gayyar ɗayansu. Sai a 1980, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito, aka sami mace ta rubuta mace ta sa ta a gaba.

Abu

Abu 'yar ƙauye ce mai shekara 13, mai son makaranta. Mahaifinta, Malam Garba, ya cire ta daga boko. An riga an yi mata alkawarin aure da ɗan'uwanta Amadu, wanda shi ya ci gaba da karatu. Da lokaci ya yi, Amadu ya ce ba zai auri wadda ba ta yi karatu ba. Sai uban ya ba da ita ga Sarkin Noma, mai dukiya, wanda ya haura shekara 50. Daren farko da ƙarfi aka yi shi, kuma marubuciyar ba ta lulluɓe wannan ba, abin da ya jawo mata suka mai zafi a lokacin. Abu ta gudu Kano wurin wata 'yar'uwarsu, Hajiya Kumatu, ta koma karatu ta hanyar ajin manya, ta zama ma'aikaciyar jinya, karatu ya kai ta har Ingila.

Wannan taƙaitawa ce. Nazari yana farawa ne da tambayar: me Abu take so tun kafin kowa ya taɓa ta? Abu biyu ne, makaranta da Amadu. Ku lura da yadda aka ƙulla su. Uban ya raba ta da makaranta don ya tsare ta har ta kai ɗakin miji. Mijin da ake tsare ta dominsa ya ƙi ta saboda ba ta yi makaranta ba. Kowanne cikin mazan nan biyu yana da hujjar da zai kafa a zaure a ce ya yi daidai, amma hujjar ɗaya ita ta rushe ta ɗayan, yarinyar kuma ita ta biya. A nan gwanintar zubin littafin take. Da an kawo mugu guda an jibga masa laifi, da mai karatu ya tsine masa ya huta. Malam Garba ba ƙin 'yarsa yake yi ba. Tsoro yake ji, tsoron boko da tsoron bakin mutane, kada a ce 'yar malam ta rasa mashinshini. Mai nazari yana iya ƙin abin da ya aikata, ya kuma fahimci abin da ya tura shi.

Kaɗaicin Abu irin na amarya ne. Ranar biki babu gidan da ya kai nasu cika: 'yan'uwa, ƙawaye, masu guɗa, masu rabon goro. A tsakiyar wannan taro akwai mutum ɗaya da ba a tambayi ra'ayinta ba, kuma kukanta ma ba ya zama shaida, domin an saba kowace amarya tana kuka. Waɗanda suka halarci bukukuwan bayan kaka a garuruwanmu, lokacin da aka sayar da shinkafa a Tudun Wada ko masara a Doguwa kuɗi suka shigo hannu, sun san wannan. Wa zai bambance kukan rabuwa da gida da kukan wadda ake kai wa inda ba ta so? Idan kuna karantawa, ku riƙa ƙirga mutanen da Abu take iya gaya wa abin da ke ranta a kowane babi. Wannan ƙirge zai nuna muku hawa da saukar kaɗaicinta fiye da duk wani bayani.

Rabin littafin na biyu labarin nasara ne, kuma a ganina ya fi na farko rauni. Hanya ta miƙe wa Abu fiye da yadda take miƙewa a duniya. Matar da ke zuwa ajin yamma a Kiru da goyo a baya, maigida ya tafi ci-rani Legas ko Abuja tun bayan girbi, ba Ingila take hange ba. Tana so ta karanta takardar asibiti, ta duba littafin ɗanta, ta rubuta bashin da ake bin ta da wanda take bi. To amma mu yi wa marubuciyar adalci. Sunan littafin tambaya ce ta raini, ita kuma amsa take bayarwa, shi ya sa ta ɗaga Abu har inda masu rainin sai sun ɗaga kai kafin su gan ta. Ko da hakan, akwai abin da takardar shaida ba ta mayar wa Abu ba. Ƙuruciyarta ta tafi, daren nan ya riga ya faru. Burin da ta cika daga baya sabo ne, ta gina shi da hannunta a kan kangon na farko.

Rabi

A nan za mu daɗe, domin Rabi ta fi wuyar nazari.

Matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai sayar da yadi a birnin Kano, sun haifi 'ya'ya tara. Ba talaka ba ne. Yana da abin hannu, amma kuɗin cefanen da yake ajiyewa ba ya isa, sauran yana tafiya wurin matan waje. Rabi ce take cike giɓin. Sai ya auro Delu, tsohuwar karuwa, rikici ya tashi tsakanin matan, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar abincin sayarwa, ta riƙe yaran, ta ci gaba da karatunsu. 'Yarta Saudatu ta auri wani attajiri mai mutunci, Alhaji Abubakar. A ɗaya ɓangaren kuwa gobarar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta ci amanarsa ta juya masa baya, ya wayi gari ba shi da komai. Daga nan mazan dangi suka taru a kan Rabi, har da surukin, aka matsa mata ta koma masa ba da son ranta ba.

Mene ne burin Rabi? Da wuya ɗalibi ya amsa nan take, domin ba ta cika zama tana zayyana shi ba. Ba ta nemi karatu mai zurfi ba, ba ta nemi soyayya irin ta fim ba. Abin da take nema a farko haƙƙi ne kawai, wanda addini da al'ada suka riga suka ɗora wa miji: ci da sha, sutura, magani, kuɗin makarantar yara, da a daraja ta a gidan da ta tsufa a ciki. Idan burin tauraruwa ya yi ƙanƙanta haka kuma aka hana ta, ƙanƙantarsa ita ce tuhumar da littafin yake yi wa mijin.

Burinta na biyu bayan saki ya tsiro, kuma ita kanta ba ta san tana da shi ba sai da ta ɗanɗana. Ta gano tana iya ciyar da gida da guminta, ta yanke shawara ba tare da jiran wani ya dawo daga kasuwa ba, ta kwana ba a zage ta ba. Kun san irin waɗannan mata. Suna nan a Kwanar Ɗangora suna zuba wa direbobin hanyar Zariya shinkafa da wake, suna nan a tashar Tudun Wada inda motocin Jos ke tsayawa kafin su shiga dajin Falgore. Da yawansu ba da zaɓinsu suka fito ba, amma ku tambayi wadda ta shekara biyar tana riƙe da kanta ko za ta yarda ta koma jiran a ajiye mata kuɗin cefane a bakin gado. Burin Rabi na farko mijin da ya wulaƙanta ta ne ya rushe shi. Na biyun kuwa masu ƙaunarta ne suka rushe shi, shi ya sa ya fi ciwo.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci a darasin nan. Yaya mace mai 'ya'ya tara, da dangi, da masu sayen abinci suna shiga suna fita, za a ce tana cikin kaɗaici? Ko numfashi ba ta samu ta yi ita kaɗai. Amsar tana cikin yadda aka rubuta littafin. Balaraba ba ta cika shiga cikin zuciyar tauraruwarta ta zauna ba. Salonta na sauri ne, cike da hira da aiki da lissafi: nawa aka bayar, me aka saya, me aka zuba a lefe, wa ya zo, wa ya tafi. Sai mai karatu ya lura cewa kusan duk inda Rabi ta bayyana, matsalar wani take warwarewa. Ita ake kawo wa kuka. Yaran ita suke kallo, ba za ta karaya a gabansu ba. Dangi suna tausaya mata, suna taimakawa, amma magana ɗaya ce a bakinsu, a yi haƙuri. Mutum yana iya kwana cikin mutane ashirin, in dai babu wanda zai sauke wa kayan da ke kansa, shi kaɗai yake. Marubuciyar ba ta faɗi haka da baki ba. Ta jera al'amura ne ta bar mai karatu ya gani, wannan kuwa ya fi a rubuta cewa hawaye sun zubo mata sau goma.

Sai ƙarshen littafin, inda ajin manya yakan rabu biyu. Wata dattijuwa za ta ce, "Malama, ai ta yi daidai. Uban 'ya'yanta ne. Ta bar shi ya wulaƙanta a titi, gobe a nuna yaran da baki? Ladanta yana wurin Allah." Wata kuma za ta amsa, "Haba Yaya, lokacin da ya watsa mata kaya waje ina masu wannan magana suke? Sai da ya tsiyace aka tuna ita matar kirki ce?" Kada malami ya yi gaggawar raba gardamar, domin littafin ne ya haife ta da gangan. Abin da za a nema daga kowane ɓangare shi ne hujja daga cikin labarin.

Ga abin da ni nake gani. Sunan littafin ya yi alkawarin cewa alhaki zai bi mai shi, kuma ya bi shi: Alhaji Abdu ya rasa dukiya, ya rasa amarya, ya rasa girma. Amma da hukuncin ya sauka, a kan wa nauyinsa ya ƙare? Wadda aka zalunta ita aka miƙa wa azzalumin ta ciyar da shi ta yi jinyarsa. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, bazawara ita ke da ta cewa a kan aurenta, ba a ɗaura mata sai da izininta. Ke nan ba igiya aka sa wa Rabi aka ja ta ba. An bi ta inda ba ta da garkuwa: kunyar manya, sunan 'ya'ya, da nauyin surukin da ya yi musu alheri, wanda musa masa zai iya taɓa zaman Saudatu. Mai nazari ya lura da wannan, cewa alherin da ya fitar da gidan daga wahala shi ne kuma ya ɗaure bakin uwar gidan. Wani manazarci Ba'amurke, Novian Whitsitt, ya yi rubutu a 2002 yana nuna cewa Balaraba daga cikin Musulunci take kafa hujjarta, tana tuhumar maza da tauye haƙƙin da addinin ya ba mata. Labarin Rabi ya goyi bayan wannan fahimta.

Kada a manta da Delu. Littafin bai tausaya mata ba ko kaɗan, daga shigarta har fitarta fuska ɗaya aka nuna mana, ta masifa da cin amana. Irin wannan tauraruwa da ba ta canzawa tana da amfani wajen tura labari gaba, amma ina ganin an yi asarar dama. Macen da shekaru suka fara cim mata a bariki, ba ɗa ba jika a kusa, ta sami wanda zai sa ta a ɗaki, ita ma da nata tsoron da nata burin. Da an ba mu shafi biyu a cikin zuciyarta, da kaɗaicin da ke littafin ya ninku. Mai nazari yana da ikon faɗin inda littafi ya gaza, muddin ya kawo dalili.

Labarin Rabi ya yi tafiya. Abdulkarim Mohammed ya mayar da shi fim a 1998. A 2012 kuma Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga.

Mata biyu daga wasu wurare

Kwatanci yana buɗe ido, don haka bari mu ajiye Rabi kusa da wasu mata biyu.

Ta farko Ramatoulaye ce, a littafin Une si longue lettre na Mariama Bâ 'yar Senegal, wanda ya fito da Faransanci a 1979 ya ci kyautar Noma a 1980. Malamar makaranta ce a Dakar, Musulma, mai 'ya'ya 12. Bayan shekara 25 da aure mijinta Modou ya auri Binetou, ƙawar 'yarsu, ya ƙaurace wa gidan ba tare da saki ba, har ya rasu. Tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta Aissatou doguwar wasiƙa, wasiƙar ita ce littafin. Bambancin salo a fili yake. A nan tauraruwar ce da kanta take magana, muna cikin zuciyarta daga farko har ƙarshe, alhali Rabi daga waje muke kallonta. Sannan da Tamsir, ɗan'uwan mijin, ya zo neman aurenta, ta ƙi, da wani tsohon masoyinta Daouda Dieng ya zo, shi ma ta ƙi, kuma ƙin nata ya zauna. Me ya sa nata ya zauna na Rabi bai zauna ba, alhali kowacce tana da abin hannunta? Ramatoulaye tana da albashi da ilimi, mijinta ya mutu, tana kuma da aminiyar da za ta zazzage wa cikinta. Rabi kuwa uban 'ya'yanta yana raye yana yawo a gari cikin tsiya, kowa yana gani. Kuɗin sana'a sun raba ta da yunwa, amma ba su raba ta da hukuncin dangi ba.

Ta biyu Li ce, a littafin The Stillborn na Zaynab Alkali 'yar jihar Borno, wanda ya fito da Ingilishi a 1984. Tana yarinya ta yi mafarkin zama babbar malama, mijinta Habu ya zama likita, su zauna a birni a gida irin na Turawa. Aka ɗaura aure, ya tafi birni ya bar ta shekaru tana jira a ƙauye. Da ta je ta tarar bai zama likita ba, ga kuma wata mace a rayuwarsa. Ta dawo, ta yi karatu, ta zama malama, ta zama ita ce ginshiƙin gidansu. A ƙarshe, bayan Habu ya yi hatsari ya nakasa, sai ta yanke shawarar komawa gare shi. Ga mata biyu ke nan, Li da Rabi, kowacce ta koma wa mijin da duniya ta karya. Li da ƙafarta ta tafi, Rabi tura ta aka yi. Wasu manazarta ba su gamsu da komawar Li ba ma, suna ganin marubuciyar ta sassauta. Ku riƙe wannan don aikin da ke tafe.

Yadda za ku rubuta naku

Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai shi ne a sake ba da labarin daga farko har ƙarshe a ce an yi nazari. Wanda ya rubuta cewa Alhaji Abdu ya saki Rabi, ta yi sana'a, ta koma, bai ƙara wa mai karatu komai ba. Wanda ya rubuta cewa sana'ar Rabi ta nuna gidan bai taɓa tsayawa da kuɗin Alhaji Abdu ba, tun asali a kanta yake tsaye, sakin ne kawai ya fito da hakan fili, shi ya yi nazari, domin ya faɗi abin da al'amarin yake nufi. Bayan kowace magana irin wannan sai a kawo wurin da ya tabbatar da ita a cikin littafin.

Kuskure na biyu shi ne a mayar da takarda kotu: wance mutuniyar kirki ce, wance 'yar wuta ce. Yabo da zagi ba su da wuya. Abin da ake so shi ne a nuna me tauraruwar take so, wa ya tare mata hanya, wace dabara ta yi, kuma ta fita daga labarin yadda ta shiga ko ta canza. A duba abin da take faɗa, a gwada shi da abin da take aikatawa, domin ba kullum suke tafiya tare ba. A duba kuma inda ta yi shiru, da gaban wanda ta yi shirun.

Waɗanda ba su kai ga karanta littafi guda da kansu ba tukuna, kada su ja baya. A raba aji ƙungiya-ƙungiya, mai ƙarfin karatu ya karanta babi a bayyane, sauran su saurara su tsayar da shi inda suke da tambaya. Sau da yawa wadda ta fi kowa jinkirin haɗa baƙi ita take fara gano abin da ke damun tauraruwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aiki

1. A cikin jimla biyar, bayyana yadda shawarar Malam Garba da ta Amadu suka haɗu suka rushe burin Abu. Wanne cikinsu kake ganin ya fi ɗaukar alhaki? Kawo dalili.

2. Ku kasu biyu ku yi muhawara a kan komawar Rabi gidan Alhaji Abdu. Sharaɗi shi ne kowace hujja ta fito daga cikin labarin. Bayan an gama, kowane ɓangare ya faɗi hujja ɗaya ta abokan hamayyarsa da ya kasa turewa.

3. Rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya da bakin Rabi zuwa ga wata aminiyarta, a daren da aka gama matsa mata. Ka tuna mace ce mai kunya da kawaici, akwai abin da ba za ta rubuta ƙarara ba ko ga aminiya.

4. Li ta koma da zaɓinta, Rabi ta koma da matsi. Shin wannan bambanci ya canza yadda zaman kowacce zai kasance bayan an rufe littafi? Tattauna.

5. Ƙagi tauraruwa taka ta kanka daga yankinmu, ka rubuta labarinta a shafi biyu. Tana iya zama matar da aka tashi ƙauyensu lokacin gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ko matar leburan haƙar kuza a Riruwai bayan aikin ya ja baya, ko amaryar da mijinta ya tafi ci-rani daga Bebeji ya shekara bai aiko ba. Nuna kaɗaicinta ta hanyar abin da take yi da wanda take magana da shi, ba tare da ka rubuta cewa tana cikin kaɗaici ba. Kada a yi amfani da sunan wani mutum na gaske ko sirrin gidan maƙwabta. Matan aji da labarinsu ya yi kyau suna iya faɗaɗa shi su aika gasar Hikayata ta sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta.